Asusun ITF da horar da ma'aikata

An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a shekarar 1971 zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, kuma hedikwatarsa tana Jos. Doka ta wajabta wa kamfanonin da ta shafa su riƙa zuba masa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a shekara.

Kamfanin da ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idojin asusun yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya zuba. Wannan ne ginshiƙin tsarin, domin masu kamfanoni sun daɗe suna jan ƙafa wajen horarwa, gudun kada su kashe kuɗi ma'aikaci ya ƙware, wani kamfanin ya ɗauke shi. Shi ya sa wasu kan sa ma'aikaci ya rattaba hannu cewa zai zauna na wasu shekaru bayan kwas. Yarjejeniyar tana riƙe shi na ɗan lokaci, amma wanda ya dawo da sabuwar ƙwarewa ya tarar matsayinsa da albashinsa ba su motsa ba yakan fara neman wani aikin tun kafin wa'adin ya cika.