Me ya sa ake tsayawa kallo? (zare)

1/ Duk ranar da ƙauraye suka tare wani a cikin garin Katsina suka ƙwace masa waya, ko suka sare shi, maganar da ake yi ɗaya ce: "Mutane fa na wurin, kallo kawai suka yi." Wannan ƙorafin yana da tarihi. Ku biyo ni.

2/ A Maris 1964 aka kashe wata mata, Kitty Genovese, a birnin New York. Jaridar New York Times ta ce mutum 38 sun gani, ba wanda ya motsa. Daga baya aka gano an zuzuta adadin. Har wata maƙwabciyarta ta fito ta rungume ta cikin jini.

3/ Labarin ya sa masana biyu, Darley da Latané, suka yi gwaji a 1968. Ɗalibi zai ji muryar wani kamar farfaɗiya ta kama shi. In yana zaton shi kaɗai ke ji, 85 cikin 100 sun tashi neman taimako. In yana zaton akwai wasu huɗu, 31 kacal. Kowa ya bar wa wani.

4/ Sai dai a 2019 wasu masu bincike suka duba bidiyon rigima 219 na kyamarorin titi a Amsterdam, Lancaster da Cape Town. A 9 cikin 10, wani ya shiga tsakani.

5/ Ni dai ban yarda yawan jama'a ne matsalarmu ba. Taron da ke yin tsit ana sarar mutum, shi ne ke rugawa da duwatsu in aka yi ihun "ɓarawo!" Ku tuna Uromi a jihar Edo, ƙarshen Maris 2025: mafarauta 16 da ke hanyar Kano yin Sallah, taro ne ya kashe su. Taro bin wanda ya fara yake yi.

6/ Ga kuma tsoro, kuma wallahi ba na banza ba ne. Akwai wuƙar da ke hannun yaron. Akwai abin da zai biyo baya: ka kai mai rauni asibiti, a ce sai da takardar 'yan sanda, ka kwana kana amsa tambayoyi kamar kai ka yi. Sai a 2017 aka yi dokar da ta tilasta duba wanda aka harba ba tare da takardar ba, ta kuma hana wulaƙanta wanda ya kawo shi. Mutum nawa suka san da ita?

7/ Wanda ya fara ɗin kan iya zama na alheri. A Yuni 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa. Ya fito ya tari maharan, ya ƙi miƙa kowa. Lokacin ya haura shekara 80, ba ko sanda a matsayin makami.