Makaɗi da Ubangidansa: Tarihin Neman Abinci da Kiɗa a Ƙasarmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa halartar hawan salla a Damagaram ko Maraɗi ko Tibirin Gobir ya san cewa tun kafin a hango laimar sarki ake jin tambari da kakaki da algaita. Jama'a na kallo, suna jinjina, su watse. Amma kaɗan ne ke tambayar abin da waɗannan bayin Allah ke ci a sauran kwanakin shekara. Tun da bikin cikar shekara ɗari lokaci ne na waiwaye, ya kamata mu duba yadda makaɗi ke samun aiki mai ɗorewa a ƙasarmu, da yadda yake riƙe shi.

A zamanin da, kiɗa gado ne, kamar ƙira da jima da fawa. Yaro na buɗe ido ya ga ganga rataye a zauren gidansu. Yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, sa'an nan ya shiga cikin ƴan amshi, ya shekara da shekaru yana maimaita abin da babba ya faɗa, har sunayen sarakuna da kirarinsu da jerin iyayensu su zauna masa a ka. Sai uba ya tsufa ko ya rasu ake gabatar da ɗa a fada. Kiɗan fada kuwa yana da shugabanninsa masu rawani, irin su Sarkin Makaɗa da Sarkin Busa da Sanƙira, kuma ta hannunsu sabon shiga ke bi.

Tsakanin makaɗin fada da sarki akwai alkawarin da ba a rubuta ba, amma kowa ya san shi. Makaɗi zai kasance a ƙofar fada daren Juma'a, da ranakun salla, da ranar naɗi, da ranar tarbar baƙo, ya kuma bi sarki rangadi ko yaƙi. Ba zai yi wa wani basarake waƙa ba sai da izini, tambari kuwa ba a buga shi don talaka komai dukiyarsa. Shi kuma sarki ya ɗauki nauyin gida da gona da hatsi da tufafi, wani lokaci har da doki da hidimar aure. Ibrahim Narambaɗa, wanda ya tsaya ga Sarkin Gobir na Isa Amadu, misali ne da Gobirawan kowane gefen iyaka suka sani. Wannan shi ne aiki mafi tabbas da makaɗi ke samu a wancan zamani, amma yana da haɗarinsa. Wanda ya yi wa wani ɗan sarki habaici don ya faranta ran ubangidansa, yana iya wayar gari ya ga wannan ɗan sarkin bisa karaga.

A wajen fada ma, kowane makaɗi da mutanensa. Mai kalangu na tare da mahauta da ƴan dambe, mai gangar noma na bin gayya, mai goge da mai garaya na wurin ƴan bori, zabiya kuwa tana gidan biki cikin mata. Shekara ce ke raba musu aiki. Da damina kowa na gonarsa, domin makaɗan ƙauye manoma ne kafin su zama makaɗa. In kaka ta yi, rumbu ya cika, sai aure da kokowa da wasannin dandali su tashi, makaɗi ya tara damman hatsi. Da rani kuma ya ɗauki yaransa su shiga yawon kiɗa gari gari, su sauka gidan mai gari ko gidan wani mai hali da suka saba da shi. Makaɗin da ke da masauki goma da ke jiran zuwansa kowace shekara ya fi mai zaƙin murya wanda ba shi da ko ɗaya.

Zuwan Turawan Faransa ya girgiza wannan tsari tun daga tushe. Sun kama Damagaram a 1899. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka fitar da shi daga ƙasa, suka ɗora Ballama kan al'amuran gari, kuma ba a mayar da sarauta ga gidanta ba sai a 1923, da aka naɗa Barma Mustafa. Shekara 17 ke nan mai riƙe da kirarin gidan ba shi da sarkin da zai yi wa shi. A 1926 kuma aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai. A ko'ina yaƙi ya ƙare, ganima ta tsaya, sarakuna suka koma masu karɓar haraji suna jiran abin da kwamandan ya yanka musu. Hannun da ke kyauta ya ƙanƙance, ala tilas makaɗan fada da yawa suka haɗa da kiɗan biki.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Cinikin gyaɗa ya fito da sababbin masu hali, musamman alhazan Maraɗi, waɗanda ke iya ba makaɗi a dare ɗaya abin da ba ya samu a wata guda. Siyasar neman ƴancin kai ta zo da jam'iyyun RDA da Sawaba, kowace na son mai yi mata waƙa, sai dai bayan an haramta Sawaba a 1959, wanda ya jingina da ita ya ga illar rataya abincinsa ga jam'iyya. Gidan rediyon ƙasa, wanda aka buɗe a 1958, bai mayar da makaɗa attajirai ba, amma ya kai muryarsu garuruwan da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba, daga nan kuma gayyata ta riƙa zuwa. Ta rediyo Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram da Ɗan Gurmu na Adar suka zama na ƙasa baki ɗaya. Ta nan ne kuma mutanenmu suka saba da Mamman Shata na Nijeriya, wanda bai ɗaure kansa ga fada ɗaya ba, ya yi wa sarki da attajiri da direba waƙa.

Bayan farin 1973 da 1974, da durƙushewar noman gyaɗa, gwamnati ta zama babbar uwar gida. A zamanin Seyni Kunce aka raya samariya, aka fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, aka kuma soma bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976. Filin kokowa ya ba mawaƙa irin su Sagalo dandalin da ke dawowa kowace shekara. A 1987 aka ƙirƙiro gasar Ɗan Gurmu don kiɗan zamani, daga baya aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. Duk da haka, kyautar gasa ba albashi ba ce. Da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe a fagen suna da wata sana'a a hannu. Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurmi da biram.

Sa'an nan na'ura ta shigo. Kaset ya yaɗa suna, amma mai kwafa a kasuwa ke cin riba. An kafa dokar haƙƙin mawallafi a 1993, sai ga karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, kayan kiɗan zamani suka yi tsada, masu biki suka tsuke hannu. Bayan kaset aka yi faifan CD, bayansa waƙa ta koma cikin wayar hannu, ana tura ta kyauta. Yau mai biki na iya ɗauko yaro ɗaya da lasifika a madadin makaɗa bakwai.

Idan muka dubi wannan doguwar tafiya, za mu ga ubangida ya yi ta sakewa, amma abin da ke riƙe makaɗi a bakin aiki bai sake ba. Na farko sani: wanda ya san asalin gida da sunan kakanni, ba ya haɗa kirarin wani da na wani, shi ake sake kira, domin lasifika ba ta san kakan ango ba. Na biyu cika alkawari: wanda ya karɓi kafin alƙalami a wuri biyu rana ɗaya ya ci kuɗi sau ɗaya ya rasa gida biyu. Na uku adalci a rabo: shugaban da ke danne haƙƙin ƴan amshinsa zai wayi gari shi kaɗai, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu kame baki: tsoron zambo na sa a ba da kyauta yau, amma ba ya sa a yi gayyata gobe.

Abin da ya saura yana wuyanmu. Makaɗan fada da suka rage tsufa na cim musu, ƴaƴansu kuma na barin gado suna kama kabu-kabu ko tafiya ci rani, kuma ba wanda zai zarge su, tun da kirari ba ya cika tukunya. Ranar da na ƙarshensu ya kwanta dama, jerin sarakuna da labarin yaƙe-yaƙe da ke kansa za su bi shi kushewa. Muna roƙon masu sarauta da attajirai da ƴan bokon gari su duba: a tabbatar wa masu tambari da masu busa gona da wani abu tsayayye kowane wata, a naɗi muryoyin dattawansu a rubuta, a kuma ɗauki nauyin yaran da suka yarda su koya. Wanda ya riƙe mana sunan kakanninmu shekara ɗari ya cancanci ya san abin da zai ci gobe.

Allah ya jiƙan magabata. Allah ya ja zamanin sarki, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Amin.