Adventure: Yadda ake buga wasan Atari na 1980 a burauza a yau

Adventure wasan bidiyo ne da kamfanin Atari na Amurka ya fitar a shekarar 1980 domin na'urarsa ta Atari 2600. Masana tarihin wasanni na ɗaukarsa a matsayin na farko da ya kawo salon yawon neman taska da warware sarƙaƙiya cikin na'urorin da ake haɗawa da talabijin a gida. An daina ƙera na'urar tun 1992, amma wasan bai mutu ba, domin a yau ana iya buɗe shi a burauzar kwamfuta ko ta waya ta hanyar manhajar kwaikwayo.

Asalin wasan

Wani injiniya mai suna Warren Robinett ne ya rubuta shi shi kaɗai. Ya samo tunanin ne daga Colossal Cave Adventure, wani wasa na zallan rubutu da ake bugawa a manyan kwamfutocin jami'o'i a shekarun 1970. Aikin da ke gabansa shi ne ya mayar da wancan rubutu zuwa hoto mai motsi a na'urar da ma'ajiyar aikinta ba ta wuce bayit 128 ba, a cikin kaset mai ɗaukar kilobayit 4 kacal. Hoto ɗaya da ake turawa a WhatsApp ya ninka wannan girma sau da yawa.

Wannan ƙunci ne ya sa jarumin wasan ya zama ɗan murabba'i kawai, dodannin kuma suka fi kama da agwagi. Duk da haka, an sayar da kaset fiye da miliyan ɗaya.

Abin da ake nema a ciki

Manufar ita ce a gano wani kofin tsafi da aka sace, a mayar da shi fadar zinariya. Duniyar wasan na da ɗakuna kusan 30, da fadoji uku: ta zinariya, da baƙa, da fara, kowacce da makullinta. Dodanni uku ne ke farautar ɗan wasa: Yorgle mai ruwan ɗorawa, Grundle kore, da Rhindle ja, wanda ya fi su gudu.

Akwai takobin kashe dodo, da gadar tsallake bango, da maganaɗisun janyo abin da ya maƙale. Sai dai abu ɗaya tak ake iya ɗauka a lokaci guda, kuma nan ne dabarar take: wanda ya riƙe makulli ba shi da takobi. Ga kuma jemage da ke yawo yana ƙwace abin da ke hannun mutum ya bar masa wani, wani lokacin ma dodo mai rai yake ajiye masa.

Matakai uku ne. Na farko taƙaitacce ne, babu jemage, babu farar fada, babu jan dodo. Na biyu shi ne cikakken wasan. A na uku kuwa ana warwatsa kayan a wurare daban duk lokacin da aka fara.

Sunan da aka ɓoye

A wancan zamani Atari ba ya sanya sunan marubutan wasanninsa a jikin kaset. Rashin jin daɗin wannan tsari na cikin dalilan da suka sa wasu injiniyoyinsa suka fice suka kafa Activision a 1979. Shi kuwa Robinett sai ya gina wani ɗaki na sirri, ya rubuta sunansa a ciki ba tare da sanar da kowa ba.

Ana shiga ɗakin ne a mataki na biyu ko na uku, bayan an yi amfani da gada an ɗauko wani ɗan ɗigo da ke ɓoye a cikin baƙar fada. Sai bayan ya bar kamfanin ne wani matashi daga birnin Salt Lake City ya gano ɗakin ya rubuta wa Atari. Kamfanin ya ga gyaran zai ci kuɗi, ya bar shi yadda yake. Daga nan ne al'adar ɓoye saƙo a cikin wasa, wadda ake kira "ƙwan Ista", ta yaɗu. Fim ɗin Ready Player One na 2018 ya sake fito da labarin.

Yadda kwaikwayon ke aiki

Manhajar kwaikwayo tana shigar burtu ne: tana yin duk abin da sassan tsohuwar na'urar ke yi, har wasan ya ɗauka a gidansa yake. Abu biyu ake buƙata, wato manhajar, da kwafin bayanan kaset ɗin, wanda ake kira ROM.

A da sai an sauke manhaja irin su Stella an girka a kwamfuta. Yanzu akwai irin su Javatari da ke aiki kai tsaye a cikin burauza. Haka kuma cibiyar adana tarihi ta Internet Archive ta buɗe sashen Console Living Room a watan Disambar 2013, inda ake buga ɗaruruwan tsofaffin wasanni, ciki har da na Atari 2600.

Galibi madannan kibiya ne ke motsa ɗan wasa, wani madanni guda kuma ya ajiye abin da ke hannu. Ɗauka kuwa taɓawa kawai ake yi. Idan dodo ya haɗiye mutum, madannin sake farawa zai mayar da shi ƙofar fadar zinariya, amma dodannin da ya kashe su ma za su farfaɗo. Wasan ya fi daɗin sarrafawa a kwamfuta fiye da fuskar waya, kuma da zarar shafin ya buɗe ba ya cin data sosai.

Doka da taka-tsantsan

A shari'ar Sony da Connectix ta shekarar 2000, wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta goyi bayan masu ƙera manhajar kwaikwayo. Amma kwafin wasan kansa yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kuma tsufa ba ya sauke wannan haƙƙi. A 2018 ƙarar da Nintendo ya shigar ta kai ga rufe shafin LoveROMs da hukuncin biyan diyyar kimanin dala miliyan 12. Mai son hanya marar shubuha yana iya sayen tarin Atari 50 da aka fitar a 2022, wanda Adventure ke ciki.

Masu adana tarihi kuwa na da tasu hujjar. Binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Ga yawancinsu, kwaikwayo ne kaɗai ya hana su ɓacewa.

Sai dai a kula da shafukan bogi. Wasan da ke aiki a burauza ba ya buƙatar lambar waya, ko bayanan katin banki, ko girka wata manhaja. Duk shafin da ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, a rufe shi, musamman a kwamfutar ofis ko wayar da ake hada-hadar kuɗi da ita.