Daga Tsutsar Harvard zuwa Ɗakin Tiyata: Tarihin Maikro-RNA da Kansar Huhu

Likitocin da ke tiyatar kansar huhu sun daɗe da wata tambaya da ta gagari amsa. A yi wa mutum biyu aiki, ƙarin da aka cire musu girmansa ɗaya, matakin cutar ɗaya, amma ɗaya ya rayu shekara goma, ɗayan cutar ta dawo masa kafin shekara biyu. Me ya raba su?

Hanyar neman amsar ta faro ne daga wata tsutsa mai suna C. elegans, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. A 1993, Victor Ambros da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard ta Amurka suka gano cewa wata ƙwayar gado ta tsutsar, lin-4, ba ta samar da furotin kamar yadda aka saba. Wani guntun RNA take fitarwa mai haruffa kusan 22. Gary Ruvkun ya nuna cewa guntun yana manne wa saƙon wata ƙwayar gadon, ya hana ta aiki. Masana suka ɗauki abin a matsayin almarar tsutsa, suka kau da kai shekara bakwai.

A 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, let-7, sannan aka tarar da shi a jikin ɗan Adam. Shekara ɗaya bayan haka aka raɗa wa dangin suna maikro-RNA.

Birnin Nagoya na Japan ne ya haɗa zancen da huhu. A 2004, tawagar Takashi Takahashi ta Cibiyar Kansa ta Aichi ta duba naman majinyata 143 da aka yi wa tiyata, ta ga waɗanda let-7 ya yi ƙaranci a ƙarinsu sun fi saurin rasuwa, ko da an yi la'akari da matakin cutar. A 2005 aka fahimci wani ɓangare na dalilin: let-7 linzami ne ga RAS, ƙwayar gadon da ke ingiza ƙwayoyin jiki su yi ta rabuwa. A 2006 tawagar Curtis Harris a Amurka ta ƙara da cewa yawan miR-155 shi ma mummunar alama ce.

Murnar ba ta daɗe ba. A 2010 aka gwada alamomin a kan majinyata 639 daga ƙasashe da dama, ba a sami wadda ta iya hasashen tsawon rai ba. Harris kansa yana cikin marubutan rahoton, abin da ya cancanci yabo. Daga nan hankali ya ƙara karkata ga jini, inda guntayen ke daɗewa ba su lalace ba. A Milan ta Italiya aka harhaɗa gwajin maikro-RNA 24 don rakiyar hoton CT. Ambros da Ruvkun sun sami kyautar Nobel a 2024, amma har yau da matakin cuta likita ke fara yanke hukunci.

Akwai abin lura a majinyatan Nagoya: an gano cutarsu tana da sauran ciruwa. Magidancin Achilafiya da tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tarin fuka za a fara zarga idan ya je asibiti a Kazaure, kuma da hujja, domin shi ya fi yawa a yankin. Sai dai alamomin biyu sun yi kama: rama, tari, jini a majina. Maganin tarin fuka wata shida ake sha. Idan ba shi ba ne, kafin a tura mutum Kano a ɗebi naman huhunsa a duba, sau da yawa lokacin tiyata ya wuce, tambayar likitocin Nagoya ma ba za ta taso a kansa ba.