Ruth Okediji

Ruth Lade Okediji farfesa ce a fannin shari'a 'yar asalin Najeriya, wadda ke koyarwa a Makarantar Koyon Shari'a ta Jami'ar Harvard da ke Amurka. Ta ƙware a dokokin mallakar fasaha, wato haƙƙin marubuta da mawaƙa a kan ayyukansu, da kuma haƙƙin da ake bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu kamar magani ko na'ura. An fi saninta da rawar da ta taka wajen ƙulla Yarjejeniyar Marrakesh ta shekarar 2013.

Karatu

Ta yi digirinta na farko a fannin shari'a a Jami'ar Jos, inda ta kammala a 1989. Daga nan ta tafi Harvard, ta sami digiri na biyu a 1991 da digirin digirgir a 1996. Rubuce-rubucenta na farko sun fito ne da sunan Ruth Gana.

Aiki

Ta koyar a Jami'ar Oklahoma, sannan ta koma Jami'ar Minnesota a 2003. A 2017 Harvard ta ɗauke ta a matsayin farfesa, kuma tana cikin shugabannin Cibiyar Berkman Klein mai nazarin intanet da al'umma.

Akasarin bincikenta ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: wa ke cin moriyar waɗannan dokoki, wa kuma ke ɗanɗana kuɗarsu? A ƙarƙashin yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana samun kariya ta aƙalla shekara 20, wadda a cikinta ba mai ikon sarrafa irinsa sai da izininsa. Wannan na ƙarfafa bincike, amma yana iya sa magani ya fi ƙarfin talaka. Okediji na ganin cewa dole dokar ta bar ƙofofi a buɗe domin ilimi da lafiyar jama'a, musamman a ƙasashe masu tasowa. A 2015 Ban Ki-moon ya naɗa ta cikin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan samun magunguna, wanda ya fitar da rahotonsa a Satumbar 2016.

Yarjejeniyar Marrakesh

Kafin wannan yarjejeniya, mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko sauti ba tare da izinin mai shi ba laifi ne a ƙasashe da dama, balle a tura shi wata ƙasa. Sakamakon haka littattafai ƙalilan ne ke isa ga makafi. Okediji ta kasance ƙwararriya a tawagar Najeriya, ta kuma bai wa rukunin ƙasashen Afirka shawara a tattaunawar da Hukumar Mallakar Fasaha ta Duniya ta shirya. An amince da yarjejeniyar a Maroko ranar 27 ga Yuni, 2013, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 2016. Najeriya ta shiga cikinta a 2017.

Littattafai

Ta tace Patent Law in Global Perspective tare da Margo Bagley a 2014, sai Copyright Law in an Age of Limitations and Exceptions a 2017. Tana kuma cikin mutum huɗun da suka rubuta littafin jagora kan Yarjejeniyar Marrakesh domin Ƙungiyar Makafi ta Duniya.