Amsoshin Tambayoyinku: Ana Samun Dashen Cesnat Na Asali?

Wani mai sauraronmu, manomi, ya aiko da wasiƙa yana cewa ya ji labarin cesnat, wata bishiyar Amurka da annoba ta cinye. Yana tambaya: shin ana samun dashenta na asali, wanda ba a yi wa aure da wani iri ba, kuma marar cuta?

To Malam, sai mun ɗan koma baya. Cesnat ƙatuwar bishiya ce da ta cika dazuzzukan gabashin Amurka. Yadda ɗorawa take a wurinmu, haka take ga manoman can: su ci 'ya'yanta, su ba dabbobi, su kai kasuwa. Katakonta ba ya ruɓewa da wuri, majema kuma suna samun abin jima daga jikinta.

A shekarar 1904 aka fara ganin cutar a gidan namun daji na birnin New York. Wata irin funfuna ce da ta biyo dashen da aka shigo da shi daga Asiya, inda itatuwan suka saba da ita. Takan shiga ta inda ɓawo ya ji rauni, ta zagaye kututture, ta toshe hanyar abinci, sai saman ya bushe. Iska da ruwan sama da tsuntsaye suka yi ta yaɗa ta. A 1912 gwamnati ta kafa dokar binciken tsirran da ake shigowa da su, amma aikin gama ya gama. Zuwa wajen 1950, bishiyoyi kimanin biliyan 3 zuwa 4 sun mutu. Saiwar dai ba ta mutuwa, takan toho, amma yawanci kafin tohon ya kai wani girma cutar ta sake kama shi.

Amsa ita ce, e, ana sayar da dashen asalin a Amurka, daga 'ya'yan tsirarun da suka tsira. Amma fa ka lura: marar cuta daban, mai jure cuta daban. Dashen da ka saya lafiya ƙalau yau, cutar na iya cim masa gobe. Shi ya sa ƙungiyar American Chestnut Foundation, wadda aka kafa a 1983, ta shiga yi wa ta Amurka aure da ta Sin mai juriya.

Mu nan kada ka ɓata kuɗinka, don irinta sai ya sha sanyi na watanni kafin ya tsiro. Abin lura gare mu, 'yan'uwa manoma da fatake: duk dashen da zai tsallako iyaka, a kai wa malaman gona su duba tukuna. Da fatan mai tambaya ya gamsu.