Gajiyar Da Kwanciya Ba Ta Warkar Da Ita

Mai karatu, a shirin lafiya na wannan mako mun waiwayi tarihin tarin fuka, wato tibi, ta fuskar alamar da aka fi rainawa: gajiya. Sau da yawa kafin tari ya tsananta, kasala ce ke fara sallama. Jiki ya mutu, abinci ya fita a rai, ga zazzaɓi da yamma, ga gumi da dare, sai rama ta biyo baya. Dalili kuwa, jiki na ƙone ƙarfinsa wajen yaƙi da ƙwayar cutar, jini na raguwa, huhun da ya yi rauni kuma ba ya jawo isasshiyar iska.

A ƙarni na 19 cutar ta yi ɓarna a Turai da Amurka. Ranar 24 ga Maris, 1882, a birnin Berlin, likita Robert Koch ya sanar cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa ta. Shi ya sa har yau ake Ranar Tarin Fuka ta Duniya a wannan kwanan wata. To amma an ga ɓarawo, babu sandar dukansa. Sai likitoci suka ce hutu ne magani. Aka gina gidajen jinya a kan duwatsu da cikin dazuzzuka, irin wanda likita Edward Trudeau ya buɗe a Saranac Lake, jihar New York, a 1885. Majinyaci ya kwanta wata da watanni, ana ba shi madara da ƙwai, yana shan iska. Wasu sun tashi, da yawa kuwa can suka cika.

Sai a 1943 aka gano maganin streptomycin a Amurka, isoniazid ya biyo baya a 1952. Tambaya ta rage: shin kwanciyar dole ce? Amsa ta fito daga birnin Madras na Indiya, Chennai a yau. Daga 1956 aka raba majinyata kusan 200 gida biyu: rabi a gidan jinya da hutu da abinci mai kyau, rabi a gidajensu na talakawa, cikin cunkoso da hidimar yau da kullum. Magani iri ɗaya suka sha tsawon shekara guda. Sakamakon da aka buga a 1959 ya nuna waraka kusan ɗaya ce. Ashe magani ke kashe ƙwayar, ba gado ba. Daga nan gidajen jinyar suka yi ta rufewa.

Ga inda tarihin ya shafe ka. Yau magani yawanci na wata shida ne, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati a Najeriya da Nijar. Bayan 'yan makonni gajiyar kan tafi, ƙarfi ya dawo, mutum ya ɗauka ya warke, ya kama hanyar fatauci daga Maraɗi zuwa Kano, ya bar ƙwayoyinsa a gida. Nan ne cutar ke dawowa, wani lokaci da taurin da maganin farko ba ya jin ta.

Don haka idan kasala ta ƙi tafiya, ga tari ya wuce mako biyu, je a gwada maka kaki. In kana kan magani kuma tafiya ta kama, ka shaida wa ma'aikacin lafiya tun da wuri, ya shirya maka yadda za ka ci gaba da karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.